Kwamfutar Yaya Ba Za Ta Dawo Sau Uku Ba

A layin masu gyaran kayan wuta da ke bayan babbar kasuwa akwai wani ɗan shago da ba shi da kujerar baƙo. Ba rashi ne ya hana mai shagon sayen kujera ba, hali ne. Mikiya ake ce masa, kuma da gangan ya ƙi ajiye wurin zama, don kada wani ya kawo kwamfuta ya baje yana ba shi labari. In ka shigo da kayanka ka fara cewa, "Wato jiya ina cikin aiki sai kawai..." zai ɗaga maka hannu ko kallonka bai yi ba.

"Ajiye ka tafi. Ni da injin nake magana, ba da mai shi ba. Inji ba ya ƙarya."

Haka yake yi wa kowa, daga ɗalibi har mai ƙaton ofis. Mutane su fita suna tsaki, su dawo suna godiya, domin a gaskiya aikinsa ba na wasa ba ne. Da rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma talabijin masu ƙatuwar ƙeya, da zamaninsu ya wuce ya kama kwamfutocin tebur, daga ƙarshe ya tsaya a kan na cinya, waɗanda ake rufewa kamar littafi. Shagon cike yake da gawarwakinsu har rufi. Daga cikin matattun yake ciro wani mayen ƙarfe mai ƙarfin tsiya, ya manna a bango ya rataye sukundirebobinsa. Ragowar kuwa kyauta yake rabarwa, kuma shi ne kaɗai abin da ake samu a shagon ba tare da an sha faɗa ba.

Sunan Mikiya idonsa ne ya jawo masa. In an buɗe cikin kwamfuta akan tarar da wani koren allo da masu gyara ke kira bod, wanda duk rayuwar injin ke liƙe a jikinsa, ƙananan abubuwa jere reras, wasu ba su fi ƙwayar yashi ba. Sauran masu gyara sai sun kai allon ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin su gane inda ya ƙone. Shi kuwa sai ya karkata shi a hasken ƙofa, ya nuna da bakin sukundireba, ya ce, "Ga ɓarawon nan." Kuma shi ne ɗin.

Da a nan ya tsaya da babu labari. Amma Allah ya haɗa masa gwaninta da baki, kuma baki shi ke yanka wuya. Shekarun baya, ranar da wani ya mayar wa maƙwabcinsa aiki yana zage-zage, Mikiya ya fito tsakiyar layi, ba wanda ya tambaye shi, ya ce, "Ni ranar da kwamfuta ta dawo mini sau uku a kan ciwo ɗaya, ranar zan kashe ƙarfen dalmata, in rufe shagon nan, in koma gida renon jikoki." Kuma bai faɗa sau ɗaya ya huta ba, ya mai da ita waƙa. Maƙwabcin nan mai gyaran waya ne, ana ce masa Caja saboda ba a raba wuyansa da igiyar caja. Tun ranar ya adana maganar wuri mai kyau.

Abin da layin bai sani ba shi ne, tun bara mikiyar ta fara gani dishi-dishi. Na nesa yana ganinsa tar. Na kusa ne ya zama abokin gaba. Ƙananan notunan da a da yake tsinta da farce, yanzu sai ya lalubo su. Matarsa ce ta fara lura, don ta ga yana miƙa waya can nesa da fuskarsa kafin ya karanta saƙo.

"Maigida, ka je a duba maka idon nan mana," in ji ta.

"Idona ƙalau. Su ne suka ƙanƙance rubutun don rowa."

"Har rubutun jikin kwalbar magani ma su suka ƙanƙance?"

"Har shi."

Ta ci gaba da abin da take yi, don ta daɗe da sanin wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gaya wa jama'a cewa kayansu sun tsufa, shi ba za a gaya masa nasa ba. Kuma ba taurin kai kaɗai ba ne, tsoro ne. In aka ce Mikiya ya sa tabarau, to me ya rage?

Ana cikin haka sai ga Yaya. Ita ce babbar yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ita kaɗai ce a duniya ba ta san wani Mikiya ba. Gemu ya yi fari, jikoki sun fara gudu a tsakar gida, amma a bakinta Auta ne. Tela ce, tana da shago a wata unguwa, da wani injin aikin zare da ke karɓar zane daga kwamfuta ya fitar da shi a jikin yadi. Ba kwamfuta, ba zane. Ta shigo da ita a naɗe cikin ƙyallen yadi, ta duba hagu da dama tana neman wurin zama kamar ba ta san shagon ba.

"Auta, har yanzu ba ka sayi kujera ba? To ji nan. Abin nan sikirin ɗinsa ne yake yin baƙi ƙirin ina tsakiyar aiki. Duk sanda na..."

Ya ɗaga hannu. "Na ji, Yaya. Ajiye ki tafi."

"Ban gama ba."

"Kin gama. Sauran ita za ta faɗa mini."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Allah ya shirye ka," ta fita.

Ya kunna kwamfutar. Ta tashi garau kamar sabuwa. Ya bar ta wuni guda tana aiki, ya sa mata abin da zai gajiyar da ita har fankarta ta fara huci, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. To wannan shi ne ciwon da kowane mai gyara ya tsana, ciwon da ke ɓuya in ya ga likita. Sai ya bi hanyar da aka saba. Akwai wata siririyar waya da ke haɗa sikirin da bod, ta bi ta cikin hinjin murfi, kullum ana buɗewa ana rufewa tana lanƙwasa har ta gaji. Ya kwance murfin, ya shafa wayar da yatsa, ya ji kamar ta ɗan goge a gefe. Ya canza ta, ya aika wa Yaya kayanta, ya ce a gaya mata an gama.

Ba a rufa mako ba ta dawo. Caja yana zaune a bakin shagonsa, ya bi ƙyallen yadin da kallo, ya ɗaga yatsa ɗaya sama kamar mai duba inda iska ta dosa.

"Barka da zuwa, Yaya. Ta ɗaya ke nan, ko?"

"Kai kuma wa ya sa da kai?" in ji Mikiya daga ciki.

Wannan karon ma Yaya ta buɗe baki, ya rufe mata shi da hannun nan nasa. Ya kunna kwamfuta, ta tashi lafiya lau, tana kallonsa. Ya buɗe murfin ya rufe, ya girgiza ta, ya murɗa gefenta a hankali ko tsaga za ta nuna kanta, ya jona ta da wani sikirin na waje. Shiru. Ransa ya ɓaci, ya yanke hukunci a kan sikirin ɗin gaba ɗaya. Ya tono wani mai kyau daga cikin gawarwakinsa ya sa mata, ya jingina nata a bango. A ransa ya san bai kama ɓarawo ba, kama wanda ya fi kusa kawai ya yi.

Da ta dawo karo na biyu, Caja na bakin shagonsa yana jira. Yatsu biyu ya ɗaga, ya juya su gaba da baya don duk layin ya gani. Yaya kuwa ta zo da zafinta.

"Auta, kayan mutane sun taru mini. Jiya wata ta tsaya a kaina tana faɗa mini maganar da ko uwata ba ta taɓa faɗa mini ba. In ba za ka iya ba ka ce ba za ka iya ba, in kai wa wannan na kusa da kai."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya karɓi kwamfutar ya ɗora a tebur. Waya sabuwa ce, sikirin an canza, to babu sauran wanda za a tuhuma sai bod. Ya zare shi ya auna da mita, wuta na tafiya inda ya kamata. Sai zarginsa ya faɗa kan ɗan soket ɗin da wayar sikirin ke shiga. Soket ne mai ƙafafu sirara a jere kamar haƙoran matsefi, kowace da ɗigon dalmarta. In ɗaya ta tsage, takan haɗu in inji ya yi sanyi, ta rabu in ya yi zafi. Magani shi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin ƙarfe mai zafi a sabunta musu dalma. Aiki ne da a da yake yi yana sauraron rediyo.

Ya karkata allon a hasken ƙofa. Ƙafafun suka narke suka zama layi ɗaya mai sheƙi. Ya matso da shi, ya ƙara dagulewa. Ya miƙa shi nesa, ya yi ƙanƙanta. Caja, wanda duk tsiyarsa ba mugu ba ne, ya leƙo ya ga abin da ake ciki.

"Ga madubina can fa, ba abin da nake yi da shi yanzu."

"Na ce maka ina so?"

"A'a, na dai ce ko..."

"Riƙe abinka. Makafi ke neman sanda."

Ya tura ƙyaure da rana tsaka, ya kunna duk fitilun shagon, ya yi aikin da hannu da tunanin yadda abin yake a da. Idonsa na hawaye, hayaƙin dalma na shiga hancinsa. Da ya haɗa ya kunna, ta tashi. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce wa kansa hannu bai manta ba.

Kwanakin da suka biyo baya bai ji daɗinsu ba. Duk macen da ta shigo layin riƙe da wani abu a ƙyalle sai gabansa ya faɗi. A gida ya zama abin tsoro, jikoki suka daina hawa jikinsa. Matarsa ta ce, "Wai don Allah in ka rufe shagon mutuwa za ka yi? Ko kuma ka ce wasa kake yi mana, wa zai kama ka?" Ya dube ta kamar ta yi saɓo. Magana zarar bunu ce, kuma ya san kansa. In ta dawo, zai rufe. Ba don Caja ba, don shi da kansa ya fara yarda cewa ba kwamfutar ce ke da ciwo ba.

Sai wata safiya, yana cikin buɗe kwaɗon shago, waya ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, ta sake. Ga ni nan zuwa."

"Kada ki zo!"

"Me ka ce?"

"Na ce kada ki kawo ta! Kada ki motsa ta daga inda take. Ni zan zo."

Ka ji dabarar tsoho. Tunda alwashin ya ce in ta dawo ne, to ba za ta dawo ba. Ya zuba kayan aikinsa a jaka, ya mayar da kwaɗo, ya wuce Caja da sauri kamar wanda aka aika. Tun da ya fara sana'a bai taɓa bin aiki gidan mai shi ba, yau ga shi a bayan babur rungume da jaka.

Shagon Yaya ɗaki ɗaya ne mai faɗi. Kekunan ɗinki biyu a jikin taga, injin aikin zare a kusurwa ya tsaya cak da rabin fure a bakinsa, yaduka a kan kanta, ƙasa duk guntayen zare. Kwamfutar na kan wani ɗan tebur a gefen injin. Yana shiga ya nufe ta, Yaya ta tare shi da tsinin almakashi.

"Tsaya. Ga kujera nan, mu ba ma korar baƙi. Can shagonka ne, nan nawa ne. Zauna ka yi kallo."

"Yaya, ba ni da lokacin..."

"Zauna, Auta."

Ya zauna. Akwai muryar da ko gemu ya kai cibiya ba a yi mata gardama. Amma bai haƙura ba, ya miƙa hannu daga zaune ya danna maɓalli. Kwamfuta ta tashi fes, ga zanen furen nan a fuskarta.

"To ga shi! Lafiyarta ƙalau! Wai ni kuke so ku haukatar?"

Yaya ta matso. Ta gyara tabaraunta, ta ja kujerarta, ta ɗora hannuwanta biyu a gaban madannai kamar yadda take yi kullum. Sikirin ya yi baƙi ƙirin.

Mikiya ya miƙe tsaye. "Me kika danna?"

"Ka ga na danna wani abu?"

"Matsa."

Ta ɗauke hannu ta matsa. Ya taɓa maɓalli ɗaya, fure ya dawo. Ya ɗora nasa hannuwan daidai inda ta ɗora nata, ya danna, ya jijjiga tebur, ya ɗan doki gefen kwamfutar. Ko gezau. Ya ce ta sake. Ta ɗora hannu, duhu. Ya tashe ta, ta ɗora, duhu. Suka yi ta yi kamar yara masu wasa da fitila, shi yana gumi, ita tana ƙara kumbura.

"To sai ka ce mayya ce ni," in ji ta. "Faɗi mana, na ga bakinka yana motsi."

Ya zaro sukundireba daga jaka don ya sake buɗe ta, ba don ya san abin da zai nema ba. Ya ajiye shi a kan tebur yana laluben wani. Yaya ta miƙa hannun hagu za ta ɗauki almakashinta, sai ya ji ƙas! Ya waiga. Sukundireban ya bar tebur, yana lilo a wuyan hannunta.

Ya kamo hannun ya shafa. Wani ɗan ɗauri ne na yadi, irin yadin rigarta, shi ya sa tun shigowarsa ya ɗauka bakin hannun riga ne. Fil-fil da allurai sun manne a jikinsa, kuma a cikinsa akwai wani abu mai tauri, mai lanƙwasa, wanda yatsunsa suka gane tun kafin kansa ya gane: mayen ƙarfe ne.

"Mene ne wannan?"

"Matashin allurata. In na zo aiki in ɗaura, in zan fita in kwance."

Ya zare ɗaurin daga hannunta, ya tashi kwamfutar, ya matso da shi a hankali zuwa gaban madannai, inda Yaya ke ɗora hannu. Duhu. Ya janye, ya tashe ta, ya sake matsowa. Duhu. Sai ya zauna daɓas a kujerar da ya ce ba shi da lokacinta.

Abin da ya sani ne tun ba yau ba. A cikin murfin irin wannan kwamfuta akwai ɗan mayen ƙarfe, a ƙasa kuma akwai ɗan abin da ke jin kusantowarsa. In sun haɗu, inji ya san an rufe murfi, sai ya kashe sikirin ya yi barci. Duk sanda Yaya ta ɗora hannu, kwamfutar sai ta ɗauka an rufe ta. Inji dai bai yi ƙarya ba, shi aka yi wa.

Daɗi da haushi suka taso masa tare, haushin ya riga fita.

"Waya! Sikirin! Bod! Na kusa rufe shagona saboda tsumma! Wane mara hankali ne ya ba ki wannan abin?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai. Ranar da na biyo ta shagonka na ce maka allurai suna zube mini ba na ganinsu, har jikata ta taka ɗaya. Ka ɓalle shi daga bango ka miƙo mini, ka ce in tafi kana da aiki."

Ya tuna. Abin haushin ke nan, ya tuna sarai.

"To me ya hana ki ce mini sai kin ɗora hannu take mutuwa?"

Yaya ta cire tabarau ta dube shi da idonta na ainihi. "Auta, yaushe ka bar ni na faɗa? Sau nawa ina buɗe baki kana ɗaga mini hannu kamar mai ba motoci hanya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kai ka ce da ɗakin za ka yi magana."

Sai ya yi dariya, irin wadda ya kwana biyu bai yi ba. Hannunsa wanke yake. Babu ciwon da ya gagare shi, don tun farko babu ciwo. Har ya fara shirya yadda zai faɗa wa Caja, da inda zai tsaya a layi don kowa ya ji. Yana mayar da kaya jaka Yaya ta ce, "Tunda yau kana ji, bari in ƙarasa. Akwai wani sabo. Wani siririn layi yana gilmawa a gefen hoton, kuma nan kusurwar tana zafi. Da ba ta yi. Tun gyaranka na ƙarshe ta fara."

Dariyar ta tsaya. Ya kifa kwamfutar ya fara kwance ta. A noti na ƙarshe yatsunsa suka kuskure, ɗan notin ya yi tsalle ya faɗa ƙasa cikin guntayen zare. Ya durƙusa yana shafa siminti da tafin hannu. Yaya ta bar shi ya yi ta shafawa na ɗan lokaci, sannan ta sunkuya ta wuce da ɗaurin nan a gefen takalminsa. Ƙas. Notin yana nan kusa da babban yatsansa, inda ya duba ya sake dubawa.

Ta ciro notin ta ajiye masa a tebur. Sannan ta miƙa masa tabaraunta, na mata ne, mai ɗan ado a gefe da igiyar rataya.

"Ba na buƙata."

"Na sani. Sa dai."

Babu Caja a nan, babu layi. Ya sa.

Allon ya taso masa tar, kowace ƙafa da iyakarta, kamar yadda yake ganinsu shekarun baya. Da farko daɗi ya ji, har ƙirjinsa ya buɗe. Sannan idonsa ya sauka a kan soket ɗin. Dalma ta taru guda-guda kamar an ɗiga kyandir. Ƙafa biyu sun kusa haɗewa, tsakaninsu bai kai silin gashi ba. Gefen robar ya narke, wani ɗan abu da ke maƙwabtaka da shi ya karkace ya yi baƙi. Da wani ne ya kawo masa wannan aikin, da ya fito da shi tsakiyar layi ya tambayi wane maƙeri ne ya yi shi. Allon da ya zo masa lafiyayye ne, shi ya sa masa ciwo, kuma sa'a ce kawai ta hana shi ƙonewa.

Da ya ɗago, hannun Yaya ne a gabansa, ta dafa tebur. Ya ga jijiyoyi sun fito, fata ta tattare, kan yatsu duk huɗar allura. Hannun da ya yi masa wanka ke nan. Kullum yana ganinta, amma ya daɗe bai ga wannan ba.

"Yaya, yaushe kika tsufa haka?"

"Lokacin da kai ma ka tsufa. Ni dai ban tsaya gardama ba."

Ya nuna allon da bakin sukundireba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wancan ciwon ba nawa ba ne. Wannan nawa ne."

"To gyara shi."

"Na ce in aiki ya..."

"Na san abin da ka ce, duk garin nan wa bai sani ba? Cewa ka yi in kwamfuta ta dawo. Ban ji inda ka yi alwashin ba za ka tsufa ba. Jona ƙarfenka, ina da kayan mutane."

Ya jona. Ta riƙe masa fitilar keken ɗinki, ya zuƙe dalmar da ya tara, ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da abin da ya karkace. Hannun kam bai manta ba, ido yake jira. Da ya haɗa ya kunna, layin ya ɓace. Ya mayar mata da ɗaurin allurarta can kan keken ɗinki, ya ce kada ya ƙara ganinsa kusa da teburin nan. Ta ce sai dai ya ji, gani kam ta san iyakarsa. Ya zare tabaraun zai miƙa mata, ta ture hannunsa.

"Ina da wani. Riƙe wannan har ka je a auna maka naka."

Washegari ya iso layi da tabaraun a aljihu. Caja na zaune a bakin ƙofa, ya riga ya shirya yatsu uku a kan gwiwa.

"Jiya ba mu gan ka ba. Ta dawo ne?"

"Ba ta dawo ba. Ni na je."

Labarin mayen ƙarfen yana bakinsa, kuma da ya ba da shi da ya ci layin gaba ɗaya, ba wanda zai taɓa jin sauran. Ya buɗe kwaɗo, ya tsaya a ƙofa yana juya makulli a hannu. Sai ya ciro tabaraun matan nan, da adonsa da igiyarsa, ya ɗora a hanci a gaban kowa.

"Caja, madubin nan naka. In ba ka aiki da shi." Ya gyara zaman tabaraun. "Kuma sunan nan, ku nemi wani ku ba shi."

Shekara da shekaru Caja yana jiran rana irin wannan, ya tanadi maganganu kala-kala. Ya dubi tabaraun, ya dubi mutumin da ke bayansa, ya nemi ko ɗaya a cikinsu ya rasa. Ya tashi ya shiga shagonsa, ya fito rungume da madubin, ya share wuri a kan teburin maƙwabcinsa ya ajiye.

"A nan ake murɗawa in ana son ya fito sosai," in ji shi. "A hankali da shi, Mikiya."